Ranar da Na Je Neman Kabarin Siniya Mudassir

Ko me zan manta a zamana na Alkahira, ba zan taɓa mantawa da ranar da na shiga makabarta neman kabarin Siniya Mudassir ba, mai kabarin ya fito da ƙafarsa ya tarbe ni. Har yau idan na tuna, tsikar jikina ce take fara tashi, daga baya kunya ta zo ta karɓi aiki.

Sakandaren kwana muka yi a ƙasar Katsina, kuma muna da ƙungiyar tsofaffin ɗalibai mai zaure a intanet, inda ake sanar da aure da suna da ƙarin girma da rasuwa. Ni ne sakataren yaɗa labarai na reshen Masar (reshen da idan muka taru duka ba ma cika tasi biyu). Ba zaɓena aka yi ba, ni na naɗa kaina. Tun a makaranta Mai Shela ake kirana, don ko wake aka canza da shinkafa a kicin, daga bakina za a fara ji. Babu abin da yake min daɗi kamar in riga kowa faɗin labari, kuma babu abin da yake ƙona min rai kamar in buɗe zaure in ga wani ya riga ni.

Siniya Mudassir ya girme mu da aji biyu. Shi ne shugaban ɗalibai a zamaninsu, shi ne kuma yake jan mu sallah, da wata murya mai sanyi wadda ko malamai sukan rage tafiya su saurara. Kowa ya san yana fama da sikila. Ya riga ni zuwa Alkahira da shekaru, amma lokacin da na iso ya riga ya fara janye jiki daga mutane. Ba ya zuwa taro, ba ya amsa saƙo. Da sanyin ƙarshen 2013 ya shigo, garin kuma ba kwanciyar hankali, kowa yana lafe a unguwarsa, sai wayarsa ta daina shiga gaba ɗaya. Na ce bari in je unguwar Darrasa, inda yake haya, in duba shi.

Tun daga bakin lungu na hango rumfa. Irin babbar rumfar nan ta ƙyalle mai zane ja da shuɗi da Misirawa suke kafawa a kan titi idan an yi rasuwa, da kujeru a jere, da mai karatun Alkur'ani a kan wani ɗan dandamali. A daidai ƙofar gidan da Siniya yake haya aka kafa ta. Na raɓa na hau bene har saman rufi inda ɗakinsa yake, na tarar da ƙofa a buɗe, babu katifa, babu littattafai, an wanke daɓen tas ruwa bai ma gama bushewa ba. A bakin ƙofa ga wasu tsofaffin silifas nasa, ɗaya a kife.

To, ni ɗan gida ne. A wurinmu zaman makoki a ƙofar gidan mamaci ake yi, ɗakin da aka kwashe aka wanke kuwa ba ya buƙatar tafinta. Ga sikila, ga sanyi, ga waya a kashe. Na sauko na shiga rumfar, na bi layi na gaisa da masu karɓar gaisuwa, har na ji daɗi a raina cewa Larabawa sun karrama baƙo haka. Aka miƙo min gahawa mai ɗaci na shanye. Ana cikin karatu ba a magana, ni kuma ban iya jira mai karatu ya kai aya ba, don wani tunani ya riga ya shige ni: idan wani ya riga ni fa? Na fito bakin titi, hawaye na zuba, yatsa na aiki. Na rubuta sanarwa mai kyau, da Larabci a sama da Hausa a ƙasa, na ce yanzu na fito daga wurin zaman makoki, da idona na gani.

Kafin in isa masauki zaure ya cika da addu'a. Aka fito da hotonsa na ranar bankwana da makaranta. 'Yan ajinsu suka yi masa saukar Alkur'ani a Kaduna. Wani daga cikinmu da yake aiki a ofishin jakadancinmu da ke unguwar Zamalek ya kira ni ya ce ba su ga wata takarda ta rasuwar ɗalibi ba, na ce masa a wannan hargitsin wa yake ta takarda, an binne shi da gaggawa ne kamar yadda aka saba a nan.

Mutum ɗaya ce ta ƙi yarda, mahaifiyarsa, wadda kowa yake kira Inna. An shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidansu a Malumfashi, ita kuwa ta ƙi zama ta karɓi gaisuwa. Duk wanda ya shigo ya ce ya haƙuri, sai ta ce masa na me. Dangi suka fara raɗe-raɗin cewa ko dai ta rasa tawakkali ko kuma kanta ya taɓu, har ana shawarar a kai ta wurin masu ruƙiyya. Kawunsa ya samo lambata ya ce tunda ni na gani, in yi mata magana.

Na kuwa yi mata. Allah ya yafe min, wa'azi na yi wa tsohuwar nan, ni da ko shekara ban cika a jami'a ba. Na jawo aya, na jawo hadisi, na fassara mata da muryar manyan malamai. Ta saurare ni har na gaji don kaina.

“Ɗana, ka gama?” ta ce.

“Na gama, Inna.”

“Ka ga gawarsa?”

“Ban riski jana'iza ba, Inna, amma…”

“To ka je ka ga kabarin. Ka dafa ƙasar da hannunka, ka kira ni kana tsaye a wurin. Ranar zan zauna a tabarma. Ni dai jikina bai ba ni ba.”

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci na tsallaka babban titin da ya raba Darrasa da makabartar da suke kira Ƙarafa. Ban taɓa shiga ba. A tunanina abin mai sauƙi ne, in nemi tudun da ƙasarsa take sabuwa kamar yadda ake yi a gida. Ina shiga na ga babu tudu ko ɗaya. Tituna ne, da lunguna, da gidaje masu ƙofofin ƙarfe, kowanne da sunan mamaci a goshinsa. Gari guda, an gina shi tsaf, an kuma kashe masa murya. Ƙarar motocin da na baro ta ɗauke kamar an rufe ƙofa a bayana.

Sama ta yi duhun hadari, iska mai sanyi tana bin lungunan. Ni da aka hana tun ina yaro ko nuna kabari da yatsa, sai ga ni ina leƙa su ɗaya bayan ɗaya. Na leƙa wani tsakar gida na ga an ɗaura igiya daga kan wani kabari zuwa taga, an shanya rigar yaro, tana ɗigar ruwa. Ba kowa. Na ƙara gaba na ga buta a kan wani kabarin na marmara, tururi yana fita daga bakinta, da kofi biyu a gefe. Nan ma ba kowa. Wani baƙin kare ya fito ya tsaya yana kallona, bai yi haushi ba, ya juya ya shige. (Babu wanda ya taɓa gaya min cewa talakawan Alkahira suna zaune a cikin makabartar nan da iyalansu. Mai Shela guda, labarin da kowane direban tasi ya sani ya wuce ni.)

Na juya zan koma na rasa ta inda na shigo. A nan ne na ji karatun.

Daga can cikin wani lungu yake fitowa, a hankali, kuma ba karatun Misirawa ba ne. Irin namu ne, da jan nan na gida. Ƙafafuna suka bi shi ba da shawarata ba. Da na matso sai na gane muryar, don shekaru na yi ina bin ta sallar asuba ina gyangyaɗi. Daga cikin wani ɗakin kabari take fitowa, mai koriyar ƙofa a buɗe rabi. Na nemi Ayatul Kursiyyu a kaina na tarar ta gudu ta bar ni.

Karatun ya tsaya. Ƙofar ta yi ƙara. Ya fito a lulluɓe da farin bargo tun daga ka, ya rame, idanun sun faɗa. Ya dube ni ya ce, da muryar nan mai sanyi, “Mai Shela? Wa ya gaya maka ina nan?”

Ban san lokacin da na zubar da takalma ba. Na kwasa a guje ina cewa ya yafe min satar madararsa da na yi a aji ɗaya (abin da ya fara zuwa bakina ke nan). Su kuma Misirawa ba rami suke tonawa kamar mu ba, ɗaki ne a ƙarƙashin ƙasa mai matakala, ana rufe bakinsa da duwatsu. An buɗe wani ana gyara. Na taka iska, na gangara a kan mazaunaina har ƙasa, wandona ya yage tun daga baya har gwiwa. Na kwanta a cikin duhu ina salati, na ga ashe ni na zo neman kabari kuma na samu.

Kan Siniya ya leƙo daga sama. Sannan wasu kawunan, na mata masu baƙaƙen kaya da suka zo ziyara da kwandon burodin sadaka, suna ta “ma'alish, ma'alish”, wato sannu, suna toshe baki da mayafi. Siniya ya sauko matakala biyu ya miƙo hannu. Na rufe ido. Ya kamo wuyan hannuna, na ji tafinsa da ɗumi, yana kuma warin albasa. Ban taɓa jin daɗin warin albasa kamar ranar ba.

Ya ba ni bargon na ɗaura a ƙugu, muka zauna a ƙofar ɗakinsa, kabarin wani attajiri yana tsakiyar tsakar gidan. Ya ba ni labari yana kallon ƙasa. Jinya ta sa ya faɗi jarrabawa sau biyu, aka yanke masa tallafin karatu, ya sayar da waya. Mai gidan da yake haya ne ya rasu, magada suka ce a kwashe ɗakunan sama tun kafin a kafa rumfa. Wani mai gadin kaburbura ya ba shi ɗakin nan, shi kuma yana koya wa 'ya'yansa karatu. Ya ce ya kasa kiran gida ne don bai san da bakin da zai gaya wa Inna ba, ita da take faɗa wa kowa ɗanta zai dawo da babban rawanin malanta.

“Don Allah kada ka sa wannan a zaure,” ya ce. “Na san halinka. Ka bar mutane su ɗauka ina lafiya.”

Na ce, “Siniya, ai ba su ɗauka kana lafiya ba.”

“Me suka ɗauka?”

“An yi maka addu'ar bakwai.”

Da ya zage ni da na ji sauƙi. Abin da ya tambaya kawai shi ne, “Inna fa?”

Na ciro waya, gilashinta ya tsage a faɗuwar da na yi amma tana aiki. Na kira. Bugu ɗaya Inna ta ɗauka, kamar tana riƙe da ita.

“Ɗana, kana wurin?”

“Ina wurin, Inna.”

“Ka dafa?”

Na dubi hannunsa da yake kan gwiwata. Na ce, “Na dafa, Inna. Ga shi.”

Ya karɓa ya ce, “Inna,” ya kasa ƙarawa. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi guɗa ba. Can sai na ji ta ce, “Mudassiru, ka ci abinci?” A nan ne ya kifa kai a gwiwa, shugaban ɗalibanmu guda, yana kuka kamar ɗan aji ɗaya. Ya gaya mata komai, jarrabawar da ɗakin da makabartar. Ta ce ita ba rawani ta haifa ba, ya dawo gida ko ya zauna, duk wanda ya zaɓa, amma ya riƙa kira. Sannan ta ce a ba ta ni.

“Malam,” ta ce (wannan Malam ɗin ya fi mari zafi), “wa'azinka ya shige ni, na gode. Yanzu ka koma inda ka rubuta wancan ka rubuta wannan, su zo su naɗe tabarminsu daga ƙofar gidana.”

A nan zaune, da bargon mamaci a ƙuguna, na rubuta sanarwa mafi gajarta a rayuwata. Babu Larabci a sama. Na ce Siniya Mudassir yana raye, yana gaida kowa, wanda ya rasu mai gidansu ne, kuskuren kuma nawa ne ni kaɗai. Aka yi min ca. Kowa yana tambaya a ina na gan shi, me ya ɓoye shi. Labari mafi daɗi da na taɓa samu yana hannuna, yatsana har ƙaiƙayi yake, na mayar da wayar aljihu. Sai yanzu da ya kammala karatunsa ya koma gida yana koyarwa, ya ce in faɗa, nake faɗa.

Ba a sauke ni daga muƙamina ba, don babu wanda ya naɗa ni balle ya sauke ni. Amma har yau idan wani ya kwanta rashin lafiya, saƙon farko da iyalinsa suke turawa zaure shi ne a yi masa addu'a, kuma don Allah kada Mai Shela ya je dubiya. Ni ma na ɗauki darasina. Duk wanda aka ce min ya rasu, ba na rubuta komai sai na tambayi mahaifiyarsa.