Kallo Ta Tsakanin Yatsu

Da la'asar jikar tsoho ta shigo ɗakinsa da kwamfuta a hammata. Aikinta yanka hotunan fim da haɗa su. Tsohon yana kishingiɗe a gefen taga. An sa ranar yi masa aikin ido, likita kuma bai yi alƙawarin komai ba. Ta gaishe shi.

"Lafiya lau, amaryata. Yau kin tuna kina da miji?"

"Mijin da ba haƙori? Tausayi ya kawo ni. Kai ka ce sai ka ga fim ɗina kafin a taɓa idon."

"Kunna! Ni da na taɓa korar ɓarayi da tari kawai."

Ta kunna. Ba a jima ba aka zaro wuƙaƙe a bayan wani gida, ana ruwan sama. Tsoho ya kai hannu fuska.

"Jarumi, ina tarin?"

"Hasken taga ne ya dame ni. Kai, yarinyar nan! Da hannun da kike miƙo min shayi kike yanka bayin Allah?"

"Hoto nake yankawa. In kashe?"

"Kul!"

Ya buɗe yatsu kaɗan. Muryarsa ta yi ƙasa.

"Dubi yadda ruwan nan yake sauka a hankali, kamar yana jin kunyar taɓa ƙasa. Ga fararen zannuwa a kan igiya suna ta kaɗawa, ba ruwansu. Mutumin nan kuma faɗuwa yake ko kwanciya? Ina so in kau da kai, amma idona ya ƙi tashi. Wa ya ɗauke ƙarar duka, ya bar ɗigar ruwa kaɗai?"

"Ni."

"Ƙarya! Mummuna irinki?"

"Kamarka aka ce na ɗauko."

Ya mai da ido kan fim ɗin. Jan jini yana narkewa cikin ruwa, yana bin gefen dakali, shi kuma yana bin sa da ido.

"Ko idon bai dawo ba," ya ce, "na samu abin kallo a zuci."

Ta juya wajen taga, ta daɗe tana gyara labulen da ba abin da ya same shi.

"Ni ma da ido ɗaya na haɗa wurin nan," ta ce. "Ɗayan a rufe."

Tsoho ya ƙyalƙyale da dariya har da tari.

"Ashe matsorata biyu ne a gidan! Kin ci, amarya, na fasa sakinki. Mayar da shi baya. Ki rufe min ido, in rufe miki."