Muryar da Ta Kai Bakin Ƙofa

"Lafiya lau, sai ke da kika yi wuyar gani. Ya mutanen gidan? Ya babanki sarkin rowa?"

Gaisuwa ce kawai wannan, amma sai da mai shagon ƙetaren titi ya leƙo ya ga ko faɗa ake yi. Haka Mai Inji yake. Shekara arba'in ya yi a gindin injin niƙa, injin ya cinye masa rabin ji ya bar masa muryar mutum uku. Jikarsa kuwa, wadda yake kira Malama Raɗa, ko sauro ya fi ta amo. Yau ta zo da waya da takarda, fuska ba walwala. Malaminsu na Turanci ya ce kowa ya ɗauki muryarsa ta minti uku ya tura kafin ƙarfe sha biyun rana. Ta tura tata jiya, ya dawo mata da ita, wai bai ji komai ba. In ta yau ma ba ta jiyu ba, sai maimaita darasin baɗi.

"Kaka, ɗakinka na zo ara. Yara sun hana ni sakat a gida."

"Kika ce me?"

"Ɗaki na ce. Aro."

"To ki buɗe baki mana. Kina magana kamar sayen kalmomin kike yi."

"Kai kuma rabawa kake yi kyauta, har unguwa ta uku tana samu."

"A kan me za ki yi surutun?"

"Maganganun da masu Turanci ke yi in abu ya cika ƙara."

"Ke? Lallai malamin nan mugu ne. Duk ajin ya rasa wa zai ba sai ke."

"Ai shi ya sa na zo, ga darasin nan zaune a kan tabarma. Suna da sunan da suke kiran mutumin da in ya yi sirri sai kasuwa ta ji. Ina karantawa na ga fuskarka."

"Ashe har can sun san ni."

"Akwai ƙarar da suke cewa tana tsaga kunne. Akwai wadda suke cewa za ta ta da mamaci."

"Ƙarya suke yi. Babu injin da ya kai nawa ƙara, kuma ban taɓa ganin mamaci ya taso ya kawo niƙa ba."

"Har riga, in launinta ya yi yawa, cewa suke yi tana da ƙara. Irin wannan taka mai ruwan lemo."

"Rigar nan ta girmi babanki, kuma ta fi shi kunya. Shiga ki yi aikinki, ba za ki ji ko tarina ba."

Alkawarin bai kai minti ɗaya ba. Tana cikin karatu mai ruwa ya wuce, tsohon ya tsayar da shi daga tsakar gida ya tambayi lafiyar matarsa da ta ɗan'uwansa mai ciwon baya. Da ta kunna abin da ta ɗauka, ciwon bayan ya fito tas. Ita da wayar ke dab da bakinta kuwa, sai wani shuu-shuu kamar ana shara.

"Ka ji ko? Kai malamin zai ba maki."

"Ya kyauta. Dama ban taɓa cin jarrabawa ba."

Ba ta yi dariya ba. Sha ɗaya da rabi ta wuce, idonta ya kawo ruwa. Tsohon ya ga haka, abin ya taɓa masa rai, don ya fi son ta zage shi da ta yi shiru.

"Share hawayen nan, kin ƙara muni. A wurin inji ba da baki muke magana ba, da hannu ne. In na ɗaga tafi sama, ƙara murya. In na juya yatsa, ya yi daidai, ci gaba. Zan tsaya bakin ƙofa. Ki manta da wayar, ni za ki yi wa. In wannan kunnen ya ji, malaminki zai ji ko a ƙarƙashin gado yake."

"Ka san Turanci ne?"

"Hatsin da nake niƙawa ma ban san yarensa ba. Fara."

Ya je bakin ƙofa ya juya mata baya. Ta fara, tafi ya ɗaga. Ta ƙara murya, tafi ya sake ɗagawa. Haushi ya kama ta, ta ja numfashi tun daga ciki ta saki muryar da ita kanta ba ta san tana da ita ba. Sai yatsa ya fara juyawa, bai tsaya ba har ta kai ƙarshe. Ta tura saura minti goma, kafin ta ajiye wayar amsar malam ta shigo: ya ji, ya karɓa.

"Kaka, na wuce. Juyo mana, me kake gogewa a ido?"

"Ƙurar gari ce."

"Shekara takwas rabonka da inji. Kuma me ya sa ka ba ni baya?"

"Don kada in yi satar amsa. Tun kina aji uku rabona da jin muryarki sosai, bakinki nake kallo in cinka. Yau na ji ta da kunnena. Ashe irin ta kakarki ce, Allah ya jiƙanta."

Sai ya yi dariya, ya laluba aljihu ya miƙo mata tsohuwar wayarsa.

"Yau kam kin ci ni. Ban gane ko kalma ɗaya ba, amma saka mini ita a nan."

"Me za ka yi da ita?"

"Ɓeraye sun dame ni a ɗakin nan. Saka dai, kuma ki nuna mini inda ake dannawa ta maimaita."