Darakta Cikin Malfa

"Ni fa duk likitan da ya bi ta hannuna, ko a duhu ya yi tiyata sai an jinjina masa!" Haka Dakta Zainulabideen yake cika baki, kuma ta waya yake cika shi, don mu ta waya kaɗai muka san shi.

Shi ne daraktan shirin horar da likitoci masu neman ƙwarewa. Ni Mannir da abokiyar aikina Zakiyya aka turo mu wani ƙaramin asibiti tsakanin Batsari da Safana, lokacin da ɓarayin daji suka hana noma, kwanon gero ya gagari talaka. Aikin darakta ne ya riƙa zuwa muna zagaya marasa lafiya tare, ya tsaya a kanmu in za mu yi tiyata, ya gyara mana kuskure. Ina! Gogan naka yana Katsina ƙarƙashin fanka. Ko hoton da ya sa a lambar wayarsa na takardar digirinsa ne, ba na fuskarsa ba. Ka kira shi kana gumi, mai naƙuda a gabanka, sai ya ce, "Kai dai yi bismillah, ina tare da kai a zuci."

Kwatsam aka ce masu tantance shirin za su zo. In suka gane ba a koyar da mu, shekarun da muka yi muna kwana da fargaba sun bi ruwa, ba jarrabawa, ba ƙwarewa. Darakta ya kira ni.

"Mannir, kai ne babban ɗalibina. Ka ce musu kowace Talata ina nan."

Babban ɗalibi! Nan take kaina ya kumbura.

"To ranka ya daɗe, za ka zo dai ko?"

"Da rakiyar sojoji ma! Jiniya za ta gaya maka na iso."

Shugabar masu tantancewar, Farfesa Mahfuza, ta riga jiniya isowa. Dattijuwa ce mai magana a hankali. Ta ce, "Likita, malaminku yana zuwa kuwa?"

Zakiyya ta sunkuyar da kai. Ni kuwa, uban 'yan iya yi, na gyara tsayuwa.

"Haba Hajiya, ai uba ne a wurina. Da hannunsa yake riƙe nawa in zan yi ɗinki. Rannan ma kwano ɗaya muka ci tuwo."

Ban rufe baki ba sai ga hayaniya a ƙofa. 'Yan sa-kai ne suka taso ƙeyar wani mai ƙaton tumbi, da malfa sabuwa fil, da fartanyar da ko ƙasa ba ta taɓa ba. Yana hango Farfesa ya ja malfar ya rufe fuska.

Yero, shugabansu, ya ce, "Likita, a shingen hanyar Runka muka sauke wannan daga babur. Wai manomi ne. Muka duba tafinsa, laushi kamar na jariri. Muka nuna masa maiwa, ya ce shinkafa ce. Da ya ga gora sai ya koma wai likita ne. Mu dai mun ɗauka mai kai wa ɓarayi rahoto ne. Ka san shi?"

Na ɗaga malfar na ƙare masa kallo, har da riƙe ƙugu.

"Wannan randar? Wallahi tun da uwata ta haife ni ban taɓa ganinsa ba! Ku tafi da shi, muna jiran babban baƙo."

Suka cafki wuyan rigarsa. Sai mutumin ya kwarma ihu, "Ku dakata! Sojojin ne suka ce ba su da man mota, na yi dabarar shigar manoma don gudun ɓarayi!"

Jama'a, muryar nan ko a kabari na ji ta zan gane ta. Zakiyya ta toshe baki da mayafi, kafaɗunta na rawa don dariya.

Darakta ya shiga waige-waige, ya dubi mai gadi, ya dubi mai ba da magani. "Wane ne Mannir a cikinku? Na ji muryar ɗan banzan yanzu!"

Farfesa ta cire tabarau ta goge, ta mayar. Ta kamo hannuna ta haɗa da nasa.

"Dakta Mannir, ga babanka. Darakta, ga ɗanka. Ku gaisa ku san juna tukuna, kafin in rufe shirin."