Guzurin Bakteriya

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na kai Babana ya ga kiwona ba. Ina shekarar ƙarshe a jami'a a Sakkwato, aikina na kammala karatu shi ne rainon wasu ƙwayoyin bakteriya masu son tsami a cikin kwalabe. Abincinsu wani asid ne, ɗan'uwan ruwan kal. Malamin da ke duba aikina, Dakta, ya ja mini kunne: ɗigo kaɗan kullum, don in ya yi yawa guba ne. Na ce to (irin to ɗin da ba ta wuce leɓe).

Wata uku ina lallaɓa su, in sun mutu babu digiri bana. Sai ga sunan ɗiyar yayata a garinmu Dandin Mahe, kwana huɗu zan yi. Ni kuwa a gidanmu ko kaza ba a tafiya a bar ta ba hatsi. Tausayi ya kama ni. Na sake musu sababbin kwalabe, na ɗura musu abincin kwana huɗu a tashi ɗaya, har da gyara.

A wurin suna na cika kowa da baki, ni ce mai kiwon abin da ido ba ya gani. Ranar komawa Baba zai kai albasa Sakkwato, muka hau mota ɗaya. Tun daga Shagari har Bodinga ina yi masa lacca, ya ce sai ya gani.

A ɗakin gwaji muka tarar da Dakta da 'yan ajinmu. In ƙwayoyin sun hayayyafa ruwan kwalba yakan yi dishi-dishi. Nawa kuwa garau, kamar a yi alwala.

"Ina bisashen?" in ji Baba.

Dakta ya leƙa madubin ganin ƙwayoyin, ya daɗe. "Me kika ba su?"

Na faɗa, murya can ƙasa. Aka bushe da dariya, wata har da riƙe ciki. Da ƙasa za ta tsage da na shige.

Baba bai yi dariya ba, wannan ya fi ciwo. Ya ce, "Ke ɗiyar nan, ko albasa in anka labta mata taki ƙonewa takai. Dakta, ka yi haƙuri, wurin uwatta ta gado. In ta ɗura ma baƙo tuwo, bai hita gidanmu da ƙahwahunai."

Allah ya so ni, ashe Dakta ya ajiye kwalba guda ta ko-ta-kwana (da alama ya san hali). Da ita na gama, na kuma ci.

Yanzu ina koyarwa a Bodinga, hankalina kwance. Na dai gane cewa hannuna ya fi gubar ɓera haɗari, musamman in tausayi ya motsa shi.