Tarakta Biyu a Agontinkon

Ba zan taɓa mantawa da wata Asabar a Agontinkon ba, ko da tsufa zai sa in manta hanyar gidana. Zamanin juyin juya halin gurguzu ne, bayan an sauya wa ƙasar suna daga Dahomey zuwa Benin, lokacin da kowa a Kwatano ya zama kamarad. Mai ƙosai kamarad, jandarma kamarad, hatta Alhaji Sanda, dattijon dillalan shanun Zango, wanda ya girmi mahaifina, sai da ya koma Kamarad Alhaji (ya ce shi dai bai ga ragon da aka yanka ranar wannan suna ba).

Ni kuwa ina da 'yar rumfa a Zango, ina sayar da kayan keke da na ƙananan baburan nan, mobilet. Ina jin Faransanci daidai na ciniki, ga ni da baki. Bakin ne ya ja mini.

Umarni ya sauko daga sama cewa kowa sai ya yi noma: 'yan lakwal, wato 'yan makaranta, ma'aikatan biro, wato ofis, har da mu 'yan kasuwa. Aka haɗa mu ƙungiya, aka yanka mana fili a Avotrou can bakin ruwa, sannan aka ce akwai matattun taraktoci biyu a wani garejin gwamnati da ke Agontinkon, mu zaɓi ɗaya mu tashe ta da kanmu. Ɗaya ƙirar Ingila ce, wani kamfanin Turawa ya tafi ya bar ta. Ɗayar kuwa kyauta ce daga Rasha, ta yi aiki a arewa har ta gaji.

Aka taru a zauren Alhaji Sanda, aka tambaya wa ya san tarakta. Kowa ya yi shiru. Ni da shiru kuwa ba mu taɓa shiri ba.

Na ce, "Ai ni a Funtuwa na tashi, cikin gonakin auduga. Tarakta ko tari ta yi na san abin da ke damunta."

(Gaskiyar magana, sau ɗaya wani direba ya rage mini hanya, na zauna a kan murfin taya, na sauka da ciwon ƙugu. Iyakar karatuna ke nan.)

Alhaji ya ce, "To madalla, ɗana, kai za ka je. Ni dai abu guda zan gaya maka, ka ɗauko mana wadda za a samu kayanta a Ikko. Ban damu da ƙasar da aka haife ta ba."

Na ce to, amma zuciyata tana wani lissafin. An ce za a naɗa wa ƙungiyar shugaba, mai zama a kujerar gaba ranar taro, mai shiga biro ba tare da an tsayar da shi a ƙofa ba. Na san kuma ba wanda zai samu wannan kujera idan ya zaɓi taraktar 'yan mulkin mallaka.

Na je garejin. Ga su nan gefe da gefe a cikin ciyawa. Ɗaya ja ce, 'yar madaidaiciya, tayoyinta sun tsattsage, kaza ta yi ƙwai a kan kujerarta, amma da na leƙa cikinta sai na ga kusan komai yana nan. Ɗayar shuɗiya ce da ta koɗe, doguwa, ƙatuwa, tsatsa ta cinye mata hanci, ƙadangaru sun mai da ita gidan haya. Ba wanda ya ce mini wannan ce ta Rasha, wannan ce ta Ingila. Ni ma ban tambaya ba, don gwani ba ya tambayar mai gadi. Na dai yi amfani da hankalina: tutar Rasha ja ce, tauraron tutarmu ja ne, ƙyallayen da ake ratayawa ranar taro duk jajaye ne. To ina tarakta za ta fita daban? Na koma gida ina murna, ga aƙida, ga sauƙin gyara, duk a jikin tarakta ɗaya.

Na shiga haɗa jawabi. Duk kalmar da na ji a rediyo sai na cusa ta. Ina zagaya tsakar gida ina nuna turmi da yatsa ina kiransa maƙiyin talakawa, har maiɗakina ta ajiye tankaɗe ta ce, "Malam, wai gyara ta za ku yi ko kokawa za ku yi da ita?" Na ce mata siyasa ba abin wasa ba ce.

Ranar Asabar aka kafa rumfa a garejin. An kwaso 'yan lakwal suna waƙa, 'yan Zango sun cika wurin, ga delege, wakilin gwamnati a unguwa, Kamarad Kosi, a kujerar tsakiya, ga jandarmomi biyu a bayansa. A gefensa kuma wani dogon Bature ne mai rigar shat, aka raɗa mini cewa injiniya ne daga Rasha, ya zo ba gwamnati shawara. Daɗi ya kama ni. Na gyara babbar rigata, wadda ban sa ba tun Sallah.

Da aka kira ni, na nufi jar taraktar na dafa ta kamar na ga 'yar'uwata. Na ce da Faransancina na kasuwa, "Kamarad, ku dubi wannan! Ƙirar ma'aikata, gumin talakawa! Ko a mace ta fi wasu masu rai. Ita muka zaɓa!"

Aka yi tafi kaɗan. Na ga delege yana ƙifta mini ido, na ɗauka cewa yake in ƙara wuta. Sai na juya kan shuɗiyar.

"Wannan kuwa, ku dube ta! Ƙatuwar banza, mai shan mai kamar yadda masu ita suka sha jininmu. Wanda ya ƙera ta bai taɓa son manomi ba!" Na kai mata shuri a taya. Wurin ya yi tsit, na ce a raina, yau na kama su. Alhaji Sanda ya yi gyaran murya, na yi kamar ban ji ba. Na nuna wasu haruffa da ke jikin hancinta na ce, "Ku ga ma rubutunsu! Harafi ya juya baya, wani ya kife. Mutanen da ko rubutu da baya suke yi, ina za su kai mu in ba baya ba?"

Sannan na tofa mata yawu. Har yau idan na tuna wannan yawun sai in ji kunnuwana sun yi zafi.

Baturen ya miƙe. Fuskarsa ta yi ja fiye da taraktar da na zaɓa. Ya tako a hankali ya tsaya kusa da ni, ya bi haruffan da yatsa yana karantawa, kowane harafi ya zauna daidai a bakinsa. Ya ce cikin Faransanci mai nauyi, "Kamarad, wannan rubutunmu ne. Sunan garin da aka haife ni ke nan. Mahaifina a masana'antar da ta ƙera wannan ya yi aiki har ya tsufa."

Ya wuce wurin jar, ya goge wani ɗan faranti da ke gefen injin, ya kira delege ya karanta da ƙarfi. Ƙirar Ingila ce. Ashe na tsaya gaban hukuma da baƙonta, na rungumi mulkin mallaka, na tofa wa gurguzu yawu.

Na ga jandarma ɗaya ya gyara bel ɗinsa. A wancan zamani kuwa, an kwana a kumisariya, ofishin 'yan sanda, a kan abin da bai kai wannan ba. Alhaji Sanda ne ya taso da sandarsa ya ce, "Kamarad Delege, yaron nan ba ɗan adawa ba ne, wallahi. Wawa ne kawai. Duk Zango shaida ne." Jama'a suka amsa da murya ɗaya cewa ƙwarai kuwa. Ban taɓa jin daɗin zagi irin na ranar ba.

Delege ya ce juyin juya hali yana yafe wa wanda ya soki kansa a gaban jama'a. Na juya wurin Baturen zan fara, sai delege ya ce, "A'a, kamarad. Wadda ka shura za ka fara ba haƙuri."

Haka na tsaya, magidanci da iyali, na fuskanci tarakta na ce, "Kamarad tarakta, na yi kuskure. Na yi miki hukunci da fenti." Aka ce ba a ji ba a baya, na maimaita. Na sa hannun babbar rigata na goge yawun, tsatsa ta bi shaddar. 'Yan lakwal suka fashe da dariya, malaminsu yana tsawata musu shi ma kafaɗunsa na rawa. Daga ƙarshe Baturen ya dafa ni ya ce ta yafe, don ta saba da wahala.

Bayan wannan ba sauran zaɓi, shuɗiyar muka jawo zuwa Zango da igiya. Jar kuwa ƙungiyar unguwar Gbégamey ta ɗauka, suka samo kayanta a Ikko, ba a jima ba muka ga suna wucewa ta bakin kasuwarmu suna ɗaga mana hannu. Mu kuwa muka yi damina muka yi rani muna fama. Shugabanci aka ba wani mahauci, ni aka ba ni kankare tsatsa. Ranar da ta tashi, hayaƙinta ya kori awakin layin gaba ɗaya. Filin Avotrou dai ruwa ya riga mu, ko kunyar noma ɗaya taraktar ba ta yi ba. Amma ta yi shekaru tana jawo motocin shanu daga taɓo idan ruwan sama ya cika Zango, har direbobi suna sa mata albarka.

Abin da na koya bai da yawa, amma ya tsare ni har tsufa. Yanzu idan zan kushe abu a cikin taro, ko tuwo ne, sai na fara tambaya a hankali ko mai shi yana wurin.