Aljihun da Ya Ƙaryata Ni

Ba na jin zan taɓa mantawa da ranar da aljihun riga ya ƙaryata ni a gaban mutane.

Ni tela ne a unguwar Briqueterie, a nan Kamaru. Bara, Sani ɗan ƙanwata, wanda ya buɗe ƙaramin shago a Amurka, ya ce in ɗinka masa manyan riguna goma sha biyu ya sayar kafin Babbar Sallah. Ya ƙara da gargaɗi: "Kawu, Amurka da Sin ba sa ga maciji yanzu. Ana tsare kaya a tambayi inda aka noma audugar. In aka kama ƙarya a takarda, ni za a riƙe."

Na ce ya kwantar da hankalinsa. Ina ruwan allurata da faɗan manya? A nawa lissafin, shaddar da na saya a kasuwar Mokolo, na yanka a shagona, ta zama 'yar Kamaru.

Da na gama, na kai kayan wurin Hajiya Dija, mai shirya takardun duwan, wato kwastan, a unguwar Messa. Na tarar da 'yan kasuwa a kan benci suna jira, har da maƙwabcina Malam Buba. Takardar da Faransanci take (ni kuwa ajami na iya, da shi nake rubuta awon mutane), don haka ita ke karantawa ina amsawa.

"Baba, yadin daga ina?"

"Namu ne, 'yata."

"Ka tabbata?"

Da na tsaya nan, da sauƙi. Amma sai na gyara zama, na juya ga masu jira, na yi musu bayanin audugar Garwa da albarkar ƙasarmu (ni da ban taɓa taka gonar auduga ba). Na rufe da cewa, "Wallahi ko zare ɗaya babu na baƙo."

Hajiya ba ta yi musu ba. Ta ɗauki riga ɗaya, ta juya cikinta, ta zaro aljihun.

To, mu tsofaffin teloli ba ma zubar da bakin yadi, wurin nan da masaƙa ke buga hatiminta. Almubazzaranci ne. Da shi muke yin aljihun ciki, inda ido ba ya kaiwa. Ga shi nan kuwa, hatimi ruwan zinariya, da rubutun mutanen Sin ɓaro-ɓaro. Ta juya ta biyu. Haka. Ta uku ma haka.

Malam Buba ya leƙo. "Alhaji, wannan ajamin wane gari ne? Karanta mana mu ƙaru!"

Benci ya ɗauki dariya. Ni da hannuna na ɗinke shaidar sau goma sha biyu, ban taɓa tambayar kaina me take cewa ba.

Hajiya ta ce a hankali, "Baba, gara a nan da a can." Wanda ya sayar mini da shaddar bai da takardar asalin audugarsa, don haka rigunan ba su tafi ba. Sani ya yi Sallah babu kaya, amma ba a taɓa shagonsa ba, alhamdu lillahi.

Abin da ya hana ni sukuni shi ne rantsuwar. Ban yi niyyar ƙarya ba, amma na kira sunan Allah a kan abin da ban bincika ba. Na je na tambayi limaminmu. Ya ce wanda ya rantse yana zaton gaskiya ce, babu kaffara a kansa.

Na ji daɗi. Sai da na fito na lura bai ce babu kunya ba.