Yadda Za Ka Ɓoye Motar Kwana-kwana Daga Masu Bin Garinku Bashi

Kai da majalisar birninku ta ci bashi har wuya, kotu ta kwashe tebura da fankoki, saura motar kashe gobara ƙwaya ɗaya, kwantar da hankalinka. Bi matakan nan, na ba ka tabbacin ko tayarta ba za a taɓa ba. A wurin Bambo Kamwendo na koye su, direban motar garinmu, wanda ya shekara ashirin da shida yana goge ta, wata tara kuwa bai ga albashi ba.

1. San mai farautarka

Tamu mace ce, Mayi Nachisale, ma'aikaciyar kotu mai manna takardar ƙwace. Magajin gari ya miƙe yin jawabi a kan tsimi da tanadi, kafin ya zauna ta ɗauke kujerar.

2. Kada ka kai ta gona

Jar mota mai tsani ba ta ɓoyuwa a cikin masara. Kamwendo ya gwada, ƙauye guda ya biyo shi da bokitai ana tambayar ina wutar.

3. Nemi ɗanyen ganye

A wajenmu kowa ya san rassa a kan hanya alamar makoki ce: mai keke ya sauka, mai hula ya cire, mai bin bashi ya haɗiye maganarsa. To, shimfiɗa su a bakin layinku. Rufe motar da tamfol a bayan ɗaki, ka zaunar da matan coci su yi ta waƙa. Ladansu nsima, wato tuwon masara, da wake.

4. Kada ka yi ƙarya, amma kada ka cika bayani

Nachisale ta zo, ta zauna a tabarma, ta sa kwacha dubu biyu, kuɗin ƙasarmu, a farantin ta'aziyya.

"Bambo, wa muka rasa?"

"Tsohuwa ce, Mayi. Ta daɗe tana tari da safe."

"Yaushe za a binne?"

"Muna jiran dangi daga Afirka ta Kudu."

Sati uku ana jiran dangin nan.

5. Kashe wayarka

Wannan matakin ne Kamwendo ya tsallake. Ran Talata da rana tsaka aka kira shi: ɗakin ajiyar kotu ya kama wuta, mai gadi na ciki. Matarsa ta riƙe masa riga.

"In ka fita da ita, ba za ta dawo ba."

"Na sani. Mutum ne fa a ciki."

Ya yaye tamfol, mawaƙa suka watse, gawa ta fita da jiniya.

Ya kashe wutar, mai gadi ya fito da ransa, har kujerar magajin gari ta tsira. Nachisale ta durƙusa ta yi masa godiya da hawayen gaske. Sannan ta miƙe, ta manna takarda a gilashin motar.

"Barka, tsohuwa ta warke. Ka kuma hutar da mu kuɗin janwe."

Kamwendo ya miƙa makulli. "Sai an tura ta da safe," ya ce. "Don Allah kada a bar ta a rana." Ya koma gida a ƙafa.

Gargaɗi

Babu ruwan marubuci da abin da zai biyo baya. Dabarar ba ta da aibu, a hannun mai tausayi ne kawai take lalacewa. Wanda gidansa ya kama wuta a garinmu kuma kada ya neme ni. Ya kira Kamwendo, har yanzu yana ɗaukar waya, yana da bokiti biyu.